Wanzamin da ya karanta kuncin kifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura takalmi aka kira ni daga Tebaram, wai Baba Illo wanzam ya rasu.

Har yanzu takalmin ɗaya ne a ƙafata.

Da yawanku ba ku san shi ba, to ku zauna in gaya muku, don wallahi ba zan yi shiru da labarin mutumin nan ba.

Shekarun fari ne, lokacin mulkin soja. Dabbobi sun ƙare a Adar, rumbuna sun zama fayau, wanda bai ci ba kuwa ba ya kiran wanzami. Baba Illo ya rataye zabirarsa, ya bar mata da 'ya'ya da tsohuwarsa, ya bi motar 'yan cin rani har Abijan. Can ya samu aikin wanke kwalabe a wani labo na binciken kifi a bakin ruwa. Da wannan aikin gidansa yake cin tuwo.

Ni kuma ɗan Tawa ne da aka tura karatun kiwon kifi, ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin Tabalak ba. Ranar da na fara zuwa labon, Baba Illo ya ji Hausata, ya ajiye soso ya ce, "Kai ɗan wa ne a Tawa?" Tun daga ranar ba ya cin ƙosai bai rage mini ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya yi ta dama mini kunu.

A labon akwai wasu 'yan kifayen teku, kowane bai wuce yatsa ba, Turawa suna ce musu gobi. Iri-iri ne, amma a ido duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mu ɗalibai mun tsane su.

Baba da ya ji ana ta gobi, gobi, sai ya ɗauka Gobir ake cewa. Ya tambaye ni, "To in Gobirawa ne, ina zanensu?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko bai yi ba. Ya ari madubin nan mai ƙara girman abu, ya juya kifin ya duba kuncinsa.

Ashe akwai zanen. Wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne a jere layi-layi a ƙarƙashin ido, kuma da su masana suke raba iri da iri. Mu sai mun buɗe littafi. Shi kuwa aikin gidansu ne, tun yana ƙarami yake ƙirga tsaga a fuskar mutane.

Wata rana wani babban farfesa ya zo daga Turai. Ya duba wata kwalba cike da gobi, ya ce iri ɗaya ne, ya rubuta suna ya manna. Baba yana goge tebur a gefe, sai na ji ya ce, "Hwaɗa mashi gida biyu ne cikin kwalbar ga."

A makon nan ake ta maganar rage ma'aikata, kuma kowa ya san wanda bai iya karatu ba shi za a fara sallama.

Na juya na ce wa farfesa da Faransanci, tsohon yana yi maka sannu da zuwa.

Baba ya kalle ni. "Ɗana, ba haka nac ce ba. Tsawon maganar ma bai kai ba."

Kunya ta kama ni, na fassara daidai. Shugaban labon ya fusata, ya ce in har Baba ya ɓata wa baƙo lokaci a banza, yau zai ajiye tsintsiya ya kama hanya. Na ce, "Baba, ka tuna da gida." Ya ce, "Da su nike tunawa. In na ga abu na yi shiru, da mi za ni ce na ciyar da su?"

Ya zuba kifayen a faranti, ya ɗauki madubi, ya fara warewa da tsinke. Wannan dama, wannan hagu. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Da ya gama ya ce in faɗa wa Bature: na dama zanensu daga ido yake gangarowa ƙasa, na hagu kuma kwance yake, ya nufi wajen kunne.

Farfesa ya zauna gaban mikiroskop, babban madubin ƙara girman abu, tun hantsi har bayan azahar. Ko ruwa bai sha ba.

Da ya tashi, da hannunsa ya ɓare takardar da ya manna. Ya je ya tsaya gaban Baba Illo ya miƙa masa hannu biyu. Gida biyu ne.

Jama'a, ranar na san daɗi. An rage mutane, amma Baba farar riga aka ba shi da kujera. Ya yi shekara da shekaru yana koya wa masu digiri ware gobi, yana yi musu faɗa: "Ku duba kunci biyu, wanzami ba ya aiki gefe guda." Ko mutum ɗaya na gidansa bai tafi bara ba har farin ya wuce.

Abu ɗaya ya dame shi. Da ya koma gida, mutanen garinsu sun ƙi yarda. Amininsa Asumana ya fi kowa tsiya, yana cewa wanki Illo ya je yi, ya dawo yana ƙaryar ya koya wa Nasara karatu.

Bara bayan sallar layya na samu littafin da farfesan ya buga, na hau mota daga Tawa na kai masa. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban dattawa, na karanta shafin godiya na fassara: "Ga Illo wanzam na Tebaram, wanda ya ga abin da ban gani ba."

Baba ya gyara zama, ido ya cika da ruwa, ya ce, "Ɗana, sake karantawa da ƙarfi. Asumana kurma ne."

Na sake. Sau uku na karanta, na ukun Asumana da kansa ya roƙa.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Allah Ya jiƙanka Baba Illo. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka, Ya ba iyalinka haƙuri. Ya jiƙan duk waɗanda farin nan ya kora daga gida ba su samu dawowa ba.

Duk wanda ya karanta ya kawo nan, don Allah ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, kuma ya ambaci sunansa.