Mai Auna Mota da Igiya

A garejin Halilu dillali, nan Zango, wani dattijo mai furfura yana tsugune a gefen mota. Irin masu ɗan tsayin nan ce, ita ba babbar kat-kat ta shiga daji ba, ita ba ƙaramar mota ba. Ko inji bai duba ba. Igiya ce a hannunsa mai ƙulli ɗaya, yana aunawa daga ƙasa zuwa ƙofar baya.

"Alhaji, wannan tana ratsa ambaliyar unguwar Ladji," in ji Halilu.

"Waccan tawa ta dā ma haka aka ce mini." Dattijon ya nuna ƙullin. "Nan ruwan ya kai."

Ƙullin ya zarce gindin ƙofar da taki guda. Ban san wa ke zaune a baya ba ranar da ruwan ya ci waccan motar. Yana dai naɗe igiyar a hankali, kamar mai ninke tufar wanda ba zai dawo ba.