Ja a Hagu, Shuɗi a Dama

Sharhabilu mai buga takardu ne a wani shago kusa da kasuwar Safana. Kafin 'yan bindiga su ɗauke shi a hanyar Ruma, ko kallon kibod ba ya yi in yana aiki. Ya dawo daga daji da ransa, amma igiyar da suka ɗaure shi da ita ta lalata masa hannuwa. Yatsun hagu suka rasa ƙarfi, na dama kuwa ba sa jin abin da suka taɓa.

Aiki ya gagara. Ya danna, harafi ya ƙi fitowa. Ya sake dannawa, uku su fito. Mai shagon, Alhaji Armaya'u, ya yi haƙuri har ya gaji.

"Malam Sharhabilu, mutane fa sun fara kai aikinsu wani wuri."

Ko fartanya ba ya iya riƙewa, ga matarsa da tsohon ciki. Sai ya hau mashin zuwa Batsari, wurin abokinsa Mannir mai gyaran kwamfuta, wanda ya ce zai haɗa masa kibod daidai hannunsa.

Mannir ya zube masa 'yan ƙananan suwic, waɗanda ke zama ƙarƙashin kowane maɓalli.

"Ja laushi gare shi, ba ya ƙara. Shuɗi ya fi tauri, amma in ya shiga za ka ji ƙas. Zaɓi."

Ya gwada ja. Hagu ta iya, amma dama ba ta san ko ta danna ba. Ya gwada shuɗi. Kunnensa ya ji ƙas, sai dai ƙaramin yatsan hagu ya kasa nutsar da shi. Ya yi ta gwadawa har gumi ya jiƙa masa riga.

"Mannir, in wannan bai yi ba, bara kaɗai ta rage mini."

Sharhabilu ya daɗe yana kallon hannuwansa, can ya ce, "Wai dole ne su zama iri ɗaya?"

"Wallahi ba dole."

Aka jera ja a ɓangaren hagu, shuɗi a dama.

Saurinsa na da bai dawo ba. Alhaji ya bar masa gajerun ayyuka, dogaye ya ba wani. In aka tada janareta, ƙarar kan danne ƙas ɗin, sai ka gan shi ya sunkuya, kunne dab da kibod, yana bugawa a hankali.