Sama'ila da Gaurakan Gulma

Sama'ila mai hoto na Gwadangaji ya daɗe yana ɗaukar amare da angwaye, amma in kana so yininka ya tafi a banza, ka tambaye shi labarin tsuntsu. Ɗan masunta ne daga Argungu. Ya ajiye homa ya kama kyamara, sai dai ruwa bai fita ransa ba. Duk Asabar ɗin da babu biki za ka gan shi a kan babur, dogon gilashinsa mai jawo abin nesa a naɗe cikin tsohon zanen matarsa kamar taɓarya. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Ni da kaina na sha ce masa ban taɓa ganin belbela ta zo karɓar hotonta ba.

Bara da damina kawunsa Maigandi, tsohon manomin shinkafa a Gulma, ya dawo daga fadama ya ce ya ga gauraka biyu. An yi shekaru rabon da wani a garin ya sa gauraka a ido, don haka aka yi ta dariya. Babban ɗansa Sunusi bai yi dariya ba. Ya ce tsufa ya fara taɓa kan Baba, kuma dole ya daina zuwa fadama, kada wata rana ya bi abin da babu shi ya faɗa ruwa. Haka aka zaunar da mutumin da ya yi shekara sittin cikin gonarsa a ƙofar gida. Abin ya yi wa Sama'ila zafi ƙwarai, ya ce sai ya ɗauko hoton gaurakan nan kowa ya gani.

Tafiyar farko ya tafka kuskure. Don ya girmama aikin, sai ya ɗauki sabuwar kyamararsa ta biki, wadda ba kamfaninsu ɗaya da gilashin ba, ya haɗa su da zobe. Tsuntsayen sun bayyana kuwa, can nesa, amma gilashin ya tsaya kai da komowa yana laluben su har suka tashi. Hoton ya fito dishi-dishi. Sunusi ya duba ya ce wannan ai buhun taki ne a kan kunya, maganar ta ƙara lalacewa.

A nan na san waye Sama'ila. Bai zagi kaya ba, bai ce tsautsayi ba ne. Ya zaro tsohuwar kyamararsa da fenti ya goge, 'yar gida ɗaya da gilashin. Ya ce ba ta da kyan sabuwar, amma suna jin maganar juna nan take, ba ta da nauyi, kuma ta fi matso da tsuntsu. Sati guda yana zuwa mayanka a Birnin Kebbi yana gwaji a kan shirwa, mahauta suna kallonsa suna girgiza kai. Da yake da kwalekwale za a shiga fadamar, shi kuwa ba ya zama da ƙafar kyamara, ya cika buhu da ƙaiƙayi ya ɗora gilashin a kai.

Ni na tuƙa shi, ina mita, sauro na cin rabonsa. Safiya uku ba mu ga komai ba. A ta huɗu ya ɗaga mini yatsa, na tsayar da filafili. Ya kwanta rub da ciki, ya riƙe numfashi, ya danna sau uku. Wallahi da na leƙa kyamarar, ga su nan su biyu, har tukkun kansu ana ƙirgawa.

Muka tarar da Maigandi zaune a kan tabarma. Sama'ila ya durƙusa ya ce, "Kawu, ga baƙinka."

Tsohon ko kallon kyamarar bai yi ba, hannu ya miƙa yana laluben takalmansa.

"Ni na riga na gani da idona," in ji shi. "Tahi ka gwada ma Sunusi, ka ce mai shi hiddo min hauyata."