Kumatun Lawan Mai Ruwa

Lawan mai ruwa ya zo Gyadi-Gyadi daga ƙauyensu shekara goma sha biyu da suka wuce, da garwa biyu da sanda a kafaɗa. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ƙwazonsa ya cuce shi kamar Lawan ba.

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya kwana shi kaɗai a shagon da yake haya, ya miƙe ƙafa yadda ya ga dama.

Shekarar da ya sayi kurar tura jarkoki, ya je gida Sallah da sabuwar shadda, kumatu sun ɗan ciko. Baffansa Malam Audu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Birni ya karɓe ka, Lawan. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Lawan ya dawo da 'ya'yan baffa biyu, ƙarti masu gemu. Da famfo ya ƙafe a Tarauni ciniki ya buɗe, ya ƙara kura. Labari ya riga shi isa ƙauye, aka turo masa wasu uku. Kura ta zama huɗu, bakuna suka zama shida, tuwon Lawan kuwa bai ƙaru da loma ɗaya ba. Kwana ma sai a karkace, kamar kifin gwangwani.

Bara ya ce ya gano maganin abin. Saura mako uku babbar Sallah ya rage ci, ya bar gemu ya yi buzu-buzu, ya ari tsohuwar rigata mai faci, ya hau motar ƙauyensu a tashar Unguwa Uku. Na ba shi rigar ina dariya, amma wallahi tausayinsa nake ji.

Bayan kwana huɗu sai ga shi, mutum uku na biye da shi, kowa da tabarma a hammata. Na ja shi gefe.

"Lawan, me ya faru?"

"Malam, Baffa yana ganina ya fashe da kuka. Ya tara dangi, ya ce mun zauna aiki zai kashe ɗanmu a birni. Nan take waɗannan suka bar gonakinsu don su zo su taya ni."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce? Na yi godiya."