Tsumman Baffa a Jikin Gawo

Jiya ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasar gindin gawo ya taso, sai na tuna marigayi Baffa, yayan mahaifina.

A shekarun samun 'yancin kai, gonar da na gada kusa da Fakku ta gaji, gero ba ya wuce gwiwa, har na ƙudurta barinta in tafi kudu. Lokacin sassabe, Baffa ya yayyaga tsohuwar rigarsa, ya bi kowane ɗan gawo yana ɗaura masa tsumma, kada gatari ya taɓa shi. Sannan ya damƙo ƙasar fili, fara busasshiya, ya zuba mini a tafi. Bayan nan ya damƙo ta gindin babban gawo, baƙa mai laushi da sanyi.

"Shinshina, ɗana," ya ce. "Waccan yunwa taka ji, wagga ta ƙoshi. Da damina gawo shika zubda ganye shi ciyar da ita, da rani bisashe su kwanta inuwatai su bar taki. Zamna."

Na zauna. Bai ga girman itatuwan ba, amma geron gindinsu jikokina ke ci yau.

Allah ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai Tasa.