Karen Baba da Igiyar Akuya

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Baba ya zo wurina a Rabah da rabin buhun gero, da butarsa, da jan karensa na farauta. Ni malamar firamare ce, ɗaki biyu nake haya. Na yi murnar ganin Baba, na yi murnar ganin geron. Karen kuwa na tsaya ina hararar sa, don ni da karnukan Baba ba mu taɓa shiri ba.

"Baba, wanga hwa ina za mu kai shi?"

"Ban ɗauko shi ba, ɗiyata. Shi yab biyo mota."

A ƙauye kare ba ya shiga cikin gida, amma kuma ba wanda ke ɗaure shi. Gindin tsamiya yake kwana. Da safe ya tafi fadama tare da Baba, ya kori biri daga gonar albasa, ya kama gafiya ya ci abinsa. Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan ta fadama, raɓa na jiƙa min zani, ƙamshin ganyen albasa na tarye ni tun kafin in hango gona. Ina kewar ta ƙwarai, kuma ban san ranar da zan sake taka ta ba.

A gaban makarantarmu akwai wani fili mai inuwar darbejiya inda jama'a ke shan iska da yamma. Yara na buga ƙwallo, tsofaffi na kan tabarma, masu awara na gefe da kaskonsu. Nan Baba ya samu wurin zama. Bayan La'asar yakan je da karen, ya zauna ya bar shi ya zaga filin da gudu yana korar ƙadangaru. A wannan lokacin kaɗai nake ganin Baba ya yi kama da kansa.

Sai mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a wata unguwa. Ba a daɗe ba mai shela ya zagaya gari da lasifika a kan babur, yana cewa hukuma ta kafa doka: a yi wa kowane kare allura, kuma kada a ƙara ganin kare a fili ko kasuwa ko kan titi ba igiya. Wanda aka samu a sake, za a kama shi a kashe. Ni dai na ga dokar daidai ce, yara nake koyarwa. Haka na gaya wa Baba.

"Kare da igiya?" in ji shi. "Mi yay yi? Sata yay yi?"

"Doka ta, Baba."

Baba bai taɓa ɗaure kare ba a rayuwarsa, amma ya ɗaure awaki ba iyaka. Saboda haka ya je kasuwa ya sayo igiyar akuya, ya ɗaura wa karen a ƙafar gaba, yadda ake yi wa akuya a turke. Haka suka shiga fili, tsoho a gaba, kare a baya yana ɗingishi da ƙafa uku. 'Yan ƙwallo suka bar wasa, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya.

"Baba, akuyar ga ta saidawa ta?"

Har masu awara sai da suka riƙe ciki. Ni ma na yi dariya, sai da bayan 'yan kwanaki na ga igiyar ta ci ƙafar har ta yi gyambo dariyar ta tsaya min. Maƙwabcina ma'aikacin asibitin dabbobi ne, Kirista daga kudancin Kaduna, mutum mai haƙuri da tsofaffi. Shi ya wanke gyambon, ya yi wa karen allura, ya yanka tsohon bel ɗinsa ya yi masa abin wuya.

"Baba, kare a wuya ake ɗaure shi," ya ce.

Baba ya yi masa godiya.

Ƙafar ta warke, amma karen bai warke ba. Ya daina jan igiya, ya daina kula ƙadangaru. In na zuba masa sauran tuwo sai ya shinshina ya kau da kai. Haƙarƙarinsa suka fito. Baba ma ya rage cin abinci, in na yi faɗa ya ce tuwon birni ne bai da daɗi, alhali da geronsa na tuƙa shi. Wata rana ya ce min, "In na bar shi ɗaure, mutuwa za ya yi. In na sake shi nan, kashe shi za a yi."

Ranar wata kasuwa ya ce in raka shi. Muka shiga motar 'yan albasa, karen a bayan mota tsakanin buhunan albasa. Muka sauka a mararrabar da hanyar ƙauyenmu ke rabuwa da titi, inda motoci suka daina juyawa tun da aka tashi ƙauyen. Direba, wanda Baba ya biya ya kai mu ya dawo da mu, ya ce mu yi sauri, wurin ba na tsayawa ba ne. Ciyawa ta cinye hanyar, saura ɗan layi siriri a tsakiya.

Baba ya durƙusa ya kwance abin wuyan. Karen ya ɗaga hanci, kunnuwansa suka miƙe. Amma bai tafi ba.

"Tahi," in ji Baba. "Tahi gida."

Ya ƙi motsi. Karen farauta ba ya kama hanya sai maigidansa ya fara ɗaga ƙafa. Baba ya san haka. Sai kawai na ga ya shiga hanyar ƙauye yana tafiya, da irin takunsa na zuwa gona.

"Baba! Ina za ka? Baba, don Allah!"

Bai waiwayo ba. Na ce a raina shi ke nan, tsohon nan gida zai tafi. Karen ya zabura ya wuce shi da gudu, wutsiya a sama, ya shige cikin ciyawa bai ko waiga ba, saboda ya tabbata Baba na bayansa. Baba ya tsaya. Ya daɗe a tsaye yana kallon inda ciyawar ke motsi. Direba na ta danna hon. Sannan ya juyo a hankali, ya dawo ya hau mota.

Wallahi a ranar na yi wa kare hassada. Shi ya tafi gida, mu kuma muka juya masa baya.

Muka kama hanyar komawa Rabah. Can Baba ya ce, ba da ni yake ba, "Yanzu ya kai rijiya." Aka jima ya ce, "Yanzu ya wuce masallaci."

Da muka fara hango gidajen Rabah ya daina lissafa inda karen ya kai. Na taɓa hannunsa.

"Baba, ai ya isa yanzu."

"Ya isa," ya ce. "Shina ƙohwar gida, shina jirana."