Darnin Isma'ila Mai Iri

A fadamar Goronyo, in aka ce Isma'ila Mai Iri, an gama kwatance. Shekara talatin yana barin albasa ta yi kara ta yi fure ta fid da iri, kuma irinsa ba ya ƙin tsira. Liman ya taɓa yabon kyautarsa a wajen wani suna. Tun ranar kyautar ta zame masa ƙaya, don a fadama ɗan'uwa ba ya sayen iri wurin ɗan'uwa. Yakan zo ne da gaisuwa mai tsawo da ƙullin leda a aljihu.

Bana Isma'ila ya gaji da gaisuwa. Tun da sanyi ya fara shelar cewa tsutsa ta cinye gonar iri. Yayarsa Sabuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fangali shida, ta zo da ledarta, ya rako ta har bakin hanya yana girgiza kai.

"Adda, bana ko na sa wa tsuntsu a baki babu."

Sannan ya kewaye lambun da darni. Kowa a fadama ya san yadda ake darni: a jera kara sakwa-sakwa, akuya ta rasa hanya, iska ta samu. Amma inda iska ta bi, ido ma yana bi. Sai Isma'ila ya ninka karan biyu, ya ɗaure tamau, ya fi tsayin mutum. Ya ce don awaki ne. Awakin garin ba su taɓa samun girma irin wannan ba.

Hadarin farko ya taso bayan la'asar, ba ɗigon ruwa, iska zalla. Ta ratsa shingen maƙwabta ta wuce, ta kwantar da lawashi nan da can. Da ta iso darnin Isma'ila ta rasa ƙofa, sai ta ciccibe shi da dirkokinsa ta shimfiɗa a kan lambun.

Kafin ya iso, 'yan jaje sun riga shi. Mutum goma sun kama darni sun ɗaga. Ga fangali takwas na kawunan iri, farare, manya kamar dunƙulen hannu, na fangali bakwai sun karye tun ba su nuna ba.

Ja'afar, maƙwabcinsa na gabas, ya duƙa ya ɗauki kai ɗaya yana juyawa.

"Malam, wagga tsutsa akwai tausayi. Mi taka ci, in ba albasa ba?"

Isma'ila ya juya, ya ga Sabuwa tsaye a kan kunya da mayafinta.

"Ku bar shi," in ji ta. "Ƙanena bai san sun tsira ba. Darnin ya yi mishi tsawo."

Kowa ya danne dariya. Wani dattijo ya taka zuwa fangalin da ya tsira, ya ce Allah mai iko, wannan ɗin zai nuna nan da kwana goma. Ya ƙirga waɗanda suka ɗaga darni da yatsa, ya sa Sabuwa a farko, ya ce in an bi a hankali zai isa kowa.

Isma'ila ya ƙirga shi ma, bai ji sunansa ba. Ya gyara hula, ya ce ai dama don su ya shuka.